Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Tumakin da ba sa mutuwa

A makon jiya na tsaya a inda abokin zamana ya kafe sai na bi shi gida hutun ƙarshen zango. To, na bi shi. Daga Tirici zuwa Tanjabur, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, gonakin shinkafa dama da hauni, duk ruwan kogin Kaberi suke sha.

Mahaifinsa tsohon malamin makaranta ne. Appa nake ce masa, yadda 'ya'yansa ke kiransa, shi kuma yana ce mini tambi, wato ƙane. Washegari da la'asar ya ce, "Tambi, ba a zuwa garinmu a koma ba a ga Babban Haikali ba."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Appa, ka san ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa komai ba."

Ya ce, "Ba wanda zai sa ka. Idonka kawai za ka ara mini."

Mun bar takalma a ƙofa. Da na ɗaga kai sai na rasa bakin magana. Hasumiya ce ta dutse zalla, tsayinta wajen mita 66, alhali yankin ƙasar noma ne, daga nesa aka jawo duwatsun. Sarki Rajaraja na daular Cola ya gina wa Shiba, abin bautar mabiya addinin Hindu, ita, aka kammala a 1010. Na lissafa a raina: zamanin da ake cewa Bagauda na sarautar Kano ke nan.

Labarai kam, sai wanda ya gaji da ji. An ce tulluwar da ke can ƙoli, mai nauyin tan 80, giwaye suka ja ta a kan gangaren ƙasa da aka taso da shi tun daga wani ƙauye mai nisan kilomita shida. An ce Nandi, ƙaton bijimin dutsen da ke kwance yana fuskantar ɗakin Shiba, ƙaruwa ya riƙa yi kullum sai da aka kafa masa ƙusa. An ce hasumiyar ba ta da inuwa da tsakar rana. Appa ya girgiza kai: "Wannan kam na masu raka baƙi ne. Da idona na sha ganin inuwarta." Nan ya ƙara girma a idona.

Sai ya ja hannuna zuwa gindin ginin. Ashe zanen da na ɗauka ado ne, rubutun Tamil ne aka sassaƙa, ya kewaye bangon. Rajaraja ya ba da umarni a rubuta kyautarsa, da ta yayarsa Kundabai, da ta matansa, da ta duk wanda ya bayar. Akwai sunayen mata 400 masu rawar ibada, kowacce da gidanta da rabonta na shinkafa. Akwai makaɗa, mawanka, maɗinka.

Appa ya ɗora yatsa a wani layi ya ce nan makiyaya ne. Don kada fitila ɗaya ta mutu, ana ba makiyayi tumaki 96, ko shanu 48, shi kuma kullum ya kawo mudun man da aka yanka masa. A irin waɗannan rubuce-rubuce, in ji shi, ana kiransu tumakin da ba sa mutuwa, ba sa tsufa, domin duk wadda ta faɗi, 'yarta ce ke maye gurbinta, adadin ba ya raguwa.

Wallahi sai da idona ya ciko. Kakana da kiwon awakin mutane ya ciyar da gidanmu. A ba shi akuya, ta haihu, a raba, amana ce ba takarda ba shaida. Ya rasu ba inda aka rubuta sunansa, ko a kan kabarinsa. Ga wasu irinsa an sa sunansu a dutse ɗaya da na sarki, shekara dubu ana karantawa. Na daɗe tsugune a wurin ina shafa haruffan da ban iya karantawa ba.

Rana ta yi sanyi, jama'a suka fara tururuwa. Ashe ranar Piradosham ce, wadda ke zuwa sau biyu a wata. A imaninsu, Shiba ya shanye dafin da zai halaka duniya, sannan a daidai wannan lokaci na yamma ya yi rawa tsakanin ƙahonin Nandi. Limamansu suka hau dakali suna kwarara wa bijimin madara da ruwan kurkum da sandal, ana busa wata doguwar algaita mai suna nadaswaram, ana kaɗa ƙararrawa. Ina daga gefe, hannuna a aljihu. Wani ya miƙo mini farar tokar da suke shafawa a goshi. Kafin in buɗe baki Appa ya tare da hannunsa, ya faɗa masa wata magana a hankali, mutumin ya yi murmushi ya wuce.

Muna isa gida na tarar mahaifiyar abokina ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ga ruwa a kofin ƙarfe. Na yi alwala, na juya gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Appa ya taɓa kafaɗata, ya nuna mini inda rana ta faɗi: "Tambi, a nan Makka tana yamma."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin zazzaɓin da ya kwantar da ni a gidan nan har kwana tara.