Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kujerar Likitan Haƙori

A makon jiya na tsaya a tarewarmu a Hotoro cikin 2016. Duk hidimar tarewar nan da ciwon haƙori na yi ta. Turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, ya yi rami tun ina sakandare, ina lallaɓa shi da kanumfari da ruwan gishiri. Da azumi ya kama sai ya ƙi lallaɓuwa. Da rana ba halin shan magani, da dare ba barci, kuncina ya fara kumbura.

Asalin tsoron da nake yi wa cire haƙori tun ina firamare ne a garinmu. Haƙori ya dame ni, aka kira wanzami. Gwaggo ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, wani ya riƙe mini kai, aka sa wani ƙarfe mai kama da awartaki. Babu allura, babu bayani. Ban riƙe kowa a zuciya ba, asibitin da ke da likitan haƙori yana da nisa da mu ƙwarai, kuma taimako suka nufa. Amma na girma ina tuna cewa na yi ta roƙo a dakata, ba wanda ya saurare ni. Wannan ya fi zafin zama a raina.

Maƙwabta suka kawo shawarwari. Wata ta ce akwai mai cire tsutsar haƙori da hayaƙi, wata ta ce in ɗora asfirin a kan dasashi. Yayata ce ta tsawatar. Ta zo bayan sallah ta ga fuskata, ta ce, "Ke, tashi ki sa hijabi. Kumburin nan in ya gangara maƙogwaro ba wasa ba ne." Na ce, "Yaya, wallahi ba zan iya ba." Ta ce, "Ina tare da ke. In kin ce a tashi, za mu tashi."

Muka hau adaidaita zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A layin jira ina jin ƙarar injin daga ciki, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Da aka kira ni, tun daga bakin ƙofa na ce, "Likita, ina jin tsoro sosai." Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce in zauna a kujerar gefe tukuna. Ta saurari labarin wanzamin har ƙarshe. Sannan ta ce, "Malama, ga yarjejeniyarmu. Duk lokacin da kika ɗaga hannun hagu zan tsaya, ko ina tsakiyar aiki." Ta nuna mini ƙaramin madubin da bututun da ke zuƙe yawu, ta kunna injin a iska don kunnena ya saba.

A nan na san babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a bakin kowa, suna cin sukarin da ya maƙale suna fitar da tsami, tsamin yana cin ɓawon haƙori a hankali har ya isa jijiya. Kanumfari yana kashe zafi da gaske, har likitoci na amfani da mansa a cikon wucin gadi, sai dai ba ya toshe rami. Asfirin kuwa ƙona dasashi yake yi. Nawa haƙorin ya wuce ciko, sai cirewa.

Ta shafa wani magani a dasashin kafin allura. Na ɗaga hannu tun allurar ba ta taɓa ni ba, ta kuwa tsaya cak, ba ta nuna gajiya ba. A lokacin ne na ji ƙirjina ya sassauta. Na ja numfashi ta hanci a hankali kamar yadda ta koya mini, na ce ta ci gaba. Leɓena ya yi nauyi, rabin harshena ya mutu. Na ji dannawa da girgizawa, na ji ƙara a cikin kaina, amma zafi ban ji ba. Hannun Yaya na kan ƙafata har aka gama.

Aka sa mini auduga in cije, aka ce kada in kurkure baki ranar don jinin da ya daskare a ramin shi ke warkar da shi, sai washegari in fara ruwan ɗumi da gishiri.

Akwai abu ɗaya da ya faru kafin a ɗauki hoton haƙorin. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ina da ciki, na ce ban tabbatar ba. Suka lulluɓe ni da rigar dalma mai kare jiki daga hasken hoton, likita ta rubuta mini farasitamol kaɗai, ta ce in biya in yi gwaji kafin in koma gida. Abin da gwajin ya nuna da yadda maigidana ya karɓi labarin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.