Yadda Na Yi Amfani da Garin Katako Wajen Rage Naitiret a Bakin Rafi

Lambunmu na noman rani yana gangare ne zuwa rafi, kuma shekaru da dama muna zuba yuriya ga tumatir da albasa ba tare da tunanin inda ragowar takin ke tafiya ba. Abin da ya farkar da ni shi ne gansakukar da ta rufe ruwan, da kuma takardar gwajin ruwa da ta nuna cewa a rijiyar bakin rafin, naitiret, wato sinadarin da yuriya ke komawa a cikin ƙasa, ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha saboda haɗarinsa ga jarirai.

Na bi dabarar da Louis Schipper ya gwada a wata gona a Niyuzilan a 1996, wato a haƙa dogon rami daura da rafi a cika shi da garin katako gauraye da ƙasa, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ratsa ta cikinsa kafin ya isa rafin. Wasu bakteriya na cikin ƙasa, idan suka rasa iskar oksijin, suna cin katakon suna numfashi da naitiret, har su mayar da shi iskar naitirojin da ke tashi sama ba tare da cutarwa ba.

Karon farko na yi kuskure biyu. Na zuba karan masara domin shi ne a kusa, sai ya ruɓe cikin ɗan lokaci. Sannan ramin bai kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, saboda haka iska ta yi ta shiga, aikin bai yiwu ba. Da rani ya zagayo na sake haƙawa har ruwa ya tsattsafo, na sayo ɓarɓashin katako daga 'yan katako, na ƙi wanda aka shafa wa maganin gara. Na fifita mai kauri a kan mai laushi, domin mai laushin yana toshewa, ruwa kuma ya kewaye ramin ya wuce da gubarsa.

Makonnin farko ruwan da ke fitowa ya yi launin shayi, abin da ya tayar wa maƙwabcina hankali, amma daga baya ya washe, launin takardar gwajin ma ya dushe a gefen rafi, alamar naitiret ya ragu. Duk da haka ramin ba ya tare ruwan da ke malala a saman ƙasa, shi ya sa na bar ciyawa ta tsaya a gaɓar, na kuma fara raba yuriyar kashi biyu ina binne ta kusa da saiwa.