Ganuwar da ke cikin idon bakwaini

Da ƙanwata ta haifi bakwaini a nan Katsina, likita ya ce lallai a duba idon jaririyar kafin ta cika wata guda, kuma wannan umarni ne ya sa na nemi sanin yadda jijiyoyin jini suke tsirowa a tantanin gani da ke bayan ido.

Jijiyoyin suna fara fitowa wajen mako na 16 na ciki, ba sa kaiwa gefen tantanin sai kusan mako na 40. Wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro ne suke shiga gaba su share hanya, suna fitar da sinadarin VEGF, mai sa jijiyoyin jini su tsiro, a duk inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ƙwayoyin bangon jijiya su biyo sawu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙwayoyin bangon da kansu suke kiran wasu ƙwayoyin su zo su rungume jijiyar ta waje, kuma sai da wannan runguma ƙwayoyin bangon suke manne wa juna sosai, har su zama kamar ganuwar Katsina ta da, wadda ba a shiga sai ta ƙofa. Sukari yana da ƙofarsa ta shiga tantanin daga jini, guba iri-iri kuwa ba ta samun shiga.

Jaririn da ya fito da wuri, ginin bai ƙare ba. Oksijin mai yawa a cikin kwalba yana tsayar da tsiron, daga baya jijiyoyi marasa ƙwari su yi yaɗo barkatai suna yoyo, har su janye tantanin daga mazauninsa. An duba idon jaririyar tamu sau uku kafin hankalin uwarta ya kwanta.