Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wuta Ba Ta Karɓar Aike

Makon jiya na tsaya a inda likita ya hana ni tsayuwa kan gawayi saboda ƙirjina. Yau auren Auta na so in ba ku, amma maganar sabon murhun gashin da ya maye min gurbin gawayi ta tsaya min a rai, bari in sauke ta tukuna.

Baba, Allah Ya jiƙansa, ya fi shekara 30 yana gasa tsire, abin da mutanen Kumasi ke kira cincinga, a unguwar Aboabo. Ranar da ya bar ni kan wuta na zame wajen ƙwallo, na ce wa wani yaro ya duba min, bai doke ni ba. Tsinken da ya ƙone ya ɗaga, ya kai shi daidai hancina, ya ce, "Wuta ba ta karɓar aike." Ina shekara tara lokacin.

Shi ya sa da babbar 'yata ta bugo daga Amurka ta ce, "Abba, akwai murhun da za ka riƙa duba shi ta waya, ba sai ka shaƙi hayaƙi ba," na ƙi amsa mata har mako biyu. Da na kai maganar gaban Yaya, a tsakar gida, gaban yara, sai ya ce, "Ashe ka manta maganar Baba."

Yaya ne zai tuna min maganar Baba? Shi da bai taɓa juya tsinke ɗaya ba. Ya tafi Legas ya bar mu da tebur da fitila, aka koro 'yan Ghana daga Najeriya a 1983 ya dawo da jaka ɗaya, kuɗin tsiren nan ne ya yi masa aure. Ni ne na ga idon Baba yana ja yana ruwa, ni ne na riƙe masa kwano lokacin tari. Ban ce masa komai ba ranar, girmansa na duba.

Wata uku na yi ina tambaya kafin in yarda a saya. Murhun ba gawayi yake ci ba, garin katako ne da aka matse ya zama ƙwayoyi kamar abincin kifi. Ana zuba su a akwati a gefe, wani ƙarfe mai murɗi ya riƙa tura su kaɗan-kaɗan cikin kaskon wuta, fanka tana hurawa. Wani Ba'amurke, Joe Traeger, ne ya ƙirƙiro shi a jihar Oregon, ya yi masa rajista a 1986. Yarinyar ta so murhu mai sunan Traeger ɗin, ni kuwa abin da na fara tambaya shi ne lantarki. Kayan Amurka a kan volt 120 suke, namu na Ghana 230, ka jona kai tsaye ka ƙone kanka. Sai da na tanadi taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Sannan dumso, wato yawan ɗauke wuta na Ghana: in aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ƙwayoyi su daina sauka, nama ya huce a tsakiyar gashi. Amma wajen kunnawa ne kawai yake jan wuta sosai, 'yan mintoci, daga nan batirin inbata yana riƙe shi.

Abin da ya yanke min shawara tsire ne. Yawancinsu zafinsu a kusan digiri 260 yake tsayawa, kuma akwai faranti tsakanin nama da wuta. Wannan ya yi wa balangu da cinya, amma tsire sai harshen wuta ya lashi ƙuli-ƙulin, mai ya ɗiga ya yi ƙara. Na ce in babu ƙofar da ake ja wuta ta fito fili, a bar shi. Ta samo na kamfanin Pit Boss mai irin wannan ƙofar, ya zo ta tashar jirgin ruwa ta Tema cikin kayan wani maƙwabci.

Damina ta koya min sauran. Na bar buhu a buɗe a baranda, ƙwayoyin suka sha danshi suka kumbura suka koma dusa. Yanzu a bokiti mai murfi suke, a ɗaki. Kuma ba a yarda da kowace ƙwaya, sai wadda aka yi domin abinci.

Babbar Sallah na aza cinyar ragon layya, na soka allurar auna zafi har kusa da ƙashi, na saita digiri 110. Waya tana nuna min komai, ina iya tafiya gaishe-gaishe har unguwar Asawase. Ban je ba. Kujera na jawo inda iska ke kawar da hayaƙi, na zauna awa shida, ina buɗewa ina shafa mai da yaji, ina duba launin fatar da idona. Wuta ba ta karɓar aike, Baba, na ji, ban kuma aika kowa ba.

Yaya ya zo bayan La'asar. Ya ci, ya ƙara, ya ce a ƙunsa wa iyalinsa. Har yau bai janye maganar da ya yi gaban yara ba, ni kuma ban manta ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren Auta.