Kwana uku a Maraɗi da kuɗin da ban iya ƙirgawa ba

Wata takwas na yi a Nijar kafin in ga Maraɗi da idona. Na dai ratsa ta ranar da aka kawo ni, amma amarya a lulluɓe cikin mota, ido ya kumbura da kuka, me za ta gani? Abin da na riƙe kawai shi ne mun wuce Jibiya, an tsayar da mu a Ɗan Isa ana duba kaya, wani jami'i ya yi wa gwaggona Faransanci, ita kuma ta ce masa, "Ɗan nan, yi Hausa mu ji." Ya yi dariya ya yi Hausar. Daga nan aka zarce da ni wani ƙauye gaba da Mayahi, inda maigidana yake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko.

Ni Bazazzagiya ce, haihuwar Tudun Wada. Karatu ne ya kawo shi Zariya har muka haɗu. An sa mana rana ke nan sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris 2024. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura. Duk wadda ta zo yi mini sallama abu ɗaya take faɗa: ai Nijar gida ce, harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya. Ni ma haka na ɗauka. A ƙauyen kuwa babu abin da ya ƙaryata zancen, domin ba na fita. Cefane shi yake yi, aike kuma yaran makarantarsa ne. Sunansa ma ya sauya a bakina: a Zariya Malam nake ce masa, a can na bi bakin jama'a ina cewa Mushe, wato Monsieur na Faransanci.

Da aka yi hutun ƙarshen Disamba ya ce in shirya, zai kai ni birni kwana uku in sha iska.

Niyyarsa mu sauka a otal. Ƙanwar mahaifinsa da ke Maraɗi, wadda duk dangi suke kira Tanti, ta ji labari ta bugo waya. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga ya sauke murya yana ta "to, Tanti, to." Gidanta muka sauka. Sunan unguwar kuwa Zariya. Na yi ta tambayar mai adaidaita ko wasa yake yi, ya ce akwai Sabon Gari ma idan ina so. Tanti ta tarbe ni da kwaryar fura, wadda su suke ce wa hura, ta ce, "Amarya, sha ki huta, kin zo garinku."

Rigimar farko a kan abinci aka yi ta. Mushe ya ce da dare zai fita da ni cin nama. Tanti ta riƙe baki. A gidan da aka ɗora tukunya domin baƙo, a ce baƙon zai tafi ya ci a titi? Aka daidaita a kan mu ci tuwonta tukuna, sannan mu fita, sannan mu taho mata da nata kason. Haka muka yi duk kwanakin nan uku, abin da ya sa na koma ƙauye zanena yana matse ni.

Bayan isha muka fita. Hunturu ya sauka sosai, ƙura ta rufe fitilu, ko'ina samari sun yi da'ira a ƙofar gida suna dafa shayi a ɗan ƙaramin buta bisa gawayi. Wannan zaman shi ake kira fada, kuma kusan kowace fada da sunanta. Muka tsaya wurin wani mai gashi a bakin kwalta, da zabi da tattabaru jere bisa waya, ga balangu yana ɗigar da mai. Mushe ya sayi zabo guda, aka yanyanka shi a takarda, aka watsa yaji da jar albasa, aka ɗora wani abu rawaya a gefe. Na ɗauka man shanu ne na lakato da yawa. Mustad ne. Sai da hawaye ya zubo mini ta hanci. Amma zabon nan, gaskiya, ban taɓa cin irinsa ba. Naman ya yi tauri daidai, ba irin na kajin gona da ke narkewa a baki ba daɗi, kuma da burodin nan dogo mai ɓawo ake haɗawa, wanda da farko na raina don ba shi da zaƙi kamar namu. Yanzu namun ne nake jin kamar kek.

A wurin ne na ji kunyar da har yau ake tsokana ta da ita. Mushe ya matsa gefe yana gaisawa da wani abokinsa, ni kuma na ce bari in saya wa Tanti nata da kuɗin da ya ba ni in riƙe. Na nuna tsokar da nake so na tambayi kuɗi. Mai naman ya ce, "Ɗari da hamsin." Raina ya yi fari, na ce lallai nama ya yi araha a ƙasar nan. Na zaro kwabbai biyu, mai 100 da mai 50, na miƙa. Ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, mi ne ne wannan? Talatin kika ba ni."

Na ce talatin kamar yaya, ga lamba a jiki?

A nan Mushe ya dawo ya warware. A Nijar ba a ƙirga sefa da lambar da ke jikin kuɗin idan ana Hausa. Da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Kwabo mai 25 dala biyar ne, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin. Idan aka ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi. Takardar 1,000 kuma sunanta jika. Ke nan ɗari da hamsin ɗin mai nama sefa 750 ne, ni kuma na ba shi 150. Wata takwas ina cikin ƙasa ban san wannan ba. Mai naman bai yi fushi ba, ya ƙara mini tsoka ɗaya ma, ya ce gyaran baƙuwa ne. Kalmar nan ta baƙuwa ita ta tsaya mini a rai har muka koma gida. Ban yi wani kuskure a Hausata ba, lissafi ne ya tona ni.

Washegari muka je ganin fada, ta sarki wannan karon. Titunan Maraɗi sun ba ni mamaki tun a hanya, a miƙe suke, suna gicciye juna kamar an ja su da zare, babu lungu mai kwana-kwana irin na cikin birnin Zariya. Mushe ya ce da dalili. Tsohon garin a ƙasa yake, cikin kwarin Gulbin Maraɗi. A 1945 ambaliya ta cinye shi, sai aka hau da mutane kan tudu, Turawan Faransa suka yanka filaye murabba'i. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Limanci suka hau da sunayensu.

Fuskar gidan sarkin an yi mata zane da launuka masu haske, ga fili shimfiɗe a gabanta mai sunan Ɗan Kasawa. Muka gaida dattawan da ke zaune a inuwa, ɗayansu ya tambayi daga ina, Mushe ya ce matarsa ce daga Zazzau. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kowa yake cewa Sarkin Katsina. Na raɗa wa Mushe cewa Sarkin Katsina ai yana Katsina. Dattijon ya ji. Ya gyara zama ya ce, "Ɗiyata, wancan daga baya ya zo." Ya ba mu labarin yadda mutanen Shehu suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka fito suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a nan, suka kuma ƙi ajiye sarautar. Shekara da shekaru suna kai hari kudu da niyyar komawa gida. Gobirawa ma da Alkalawa ta faɗi, ƙarshe Tsibiri suka kafa, nan kusa da Maraɗi, kuma Sarkin Gobir yana can har gobe.

Na yi shiru, domin na san wannan labarin, amma ta ɗaya gefen. A makarantarmu an koya mana wanda ya ci, ba a bi sawun wanda ya gudu ba. Sai na tuna namu: Makau, Sarkin Zazzau, shi ma haka ya fita ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma sarkinsu har yau Sarkin Zazzau ne. Na ce wa dattijon, "Baba, ashe Maraɗi ita ce Sulejar Katsina." Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce shi dai ya fi son a ce Suleja ce Maraɗin Zazzau. A duk yawon nan, wannan zaman na rabin awa a kan tabarma shi ya fi mini komai. Mutanen da suka kafa garin su ma da kaya a ka suka zo, suna cewa gobe za su koma.

Filin kokowa a waje muka tsaya, ba a wasa ranar. Sunan Kantu aka sa masa, ɗan Maraɗin da ya ci takobin gasar kokowa ta ƙasa na farko a Tawa a 1975. Mushe ya yi ta ba ni labarin kaye-kaye da zumuɗi, ni kuwa ƙafata ce take ciwo. Tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewayensa, Tanti ta ce ba da amaryarta ba, hanyar ba ta kwanta mata ba. Ba mu je ba.

Da rana ya kai ni gidan abinci na zamani, irin mai tebur da kujeru da fanka. A gidanmu mace ba ta zama cin abinci a bainar jama'a, don haka na zaɓi kujerar ƙurya na juya wa ƙofa baya. Ga mata nan ma'aikata su biyu su uku suna cin abincinsu suna hira, ba wanda ya kalle su. Aka kawo takardar abinci, duk Faransanci. Don kada in sake jin kunya na nuna wani suna da ya yi mini kama da na manya, Mushe ya karanta ya ce ri gira, ya danne dariya. Da faranti ya iso sai ga dafa-duka. Ruwan da na nema mai suna bisaf kuma zoɓo ne. Ba laifi abincin, amma kuɗinsa ya ninka na zabon jiya, daɗinsa bai kai rabi ba. Abin da ya burge ni ranar a ƙofar gidan Tanti na same shi da yamma, wurin wata mai dambu. Ta cika shi da zogale har kore ya rinjayi fari, ta zuba ƙuli da albasa da ɗan mai. Tanti ta ce zogalen daga Jiratawa ake kawo shi, inda ake noman rani. Na ci na ƙara, na manta akwai tuwo yana jira.

Rana ta uku Juma'a ce, ranar kasuwa. Tanti ta ce Mushe ya tafi harkarsa, ita za ta shiga da ni. Tun a gida ta zaunar da ni ta zube kwabbai a faifai tana ɗaga ɗaya-ɗaya ina faɗin sunansa, kamar 'yar aji ɗaya. Ni da na bar ganin kwabo yana sayen wani abu tun ina ƙarama, ga shi a nan yana sayen ƙosai.

Kasuwar rabinta kayan gida ne. Atamfa, robobi, taliya, omo, duk na gane su, wasu ma daga Kano suka taso. 'Yan canji suna zaune da damin naira da na sefa. Na canza 'yan kuɗin da Mama ta ƙulle mini tun ranar biki, na ga jika ɗaya ta haura naira dubu biyu, abin da aka ba ni bai cika tafin hannu ba. Tanti ta ce a zamanin ƙuruciyarta mai naira shi ne mai kuɗi a kasuwar nan. Sauran rabin kuwa na ƙasar ne: tsibin soyayyar fara, cuku fari shimfiɗe kamar takarda, buhunan aya wadda jihar Maraɗi ta fi kowa nomawa a Nijar, da jajayen awakin nan da fatarsu ta yi suna har Turai. Na sayi aya da cuku da kilishi, tsarabar da zan ba direba ya kai Zariya. Mai kilishin ya ce jika huɗu. Na ce uku. Ya ce albarka. Na ce uku da ɗari, ban ƙara ko dala. Ya naɗe ya miƙo. Na ƙirga masa 3,500 da hannuna, Tanti tana gefe ba ta sa baki ba, sai da muka yi nisa ta ce da ita ce uku zai bari.

Da dare na kira Mama in gaya mata saƙo yana hanya. Ta tambayi jikina, ta tambayi sanyi, sannan ta zo kan abin da ya dame ta, wato kada in ɓarnatar da kuɗin mijina. Ta ce nawa na sayi kilishin. Na ce jika uku da ɗari.

Ta ce, "Jika? Nawa ke nan a kuɗin mutane?"

Na buɗe baki in faɗa, sai na ga ban sani ba. Na ce ta riƙe waya, na ƙwala wa Mushe kira ya zo ya mayar mata da shi naira.