Mako na uku a kan hasumiya: mun ja kebul, konekta ɗaya ta ba ni kunya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Waɗanda ba su samu zuwa ranar Asabar ba, ga inda aikin rifitarmu ta zangon rediyo na mita 2 ya tsaya. Rifita ita ce na'urar da ke karɓar siginar rediyo ta sake watsa ta don ta kai nesa.

Kun san gardamar da muka sha kan kebul. Daga ɗakin na'ura zuwa gindin eriya mita 40 ne. Da siririn kebul RG-58 ɗin da muke da shi muka sa, a zangon 145 MHz fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin zai ƙare a hanya, haka ma siginar mai ƙaramar rediyon hannu da ke kira daga nesa. Wasu sun so kebul LMR-400 don ya fi nau'in Heliax araha. Dattijonmu ya ce a'a: rifita tana ji tana magana a lokaci guda, tazarar 600 kHz ce kawai tsakani, shi kuwa wannan kebul yana da saƙar waya kwance a kan fallen alminiyom, in ya kwana biyu sai ya riƙa haifar da ƙarar da ke toshe wa rifitar kunne. Muka dage muka sayi Heliax mai rabin inci, wanda bayansa bututun jan ƙarfe ne guda. Asararsa a wannan tsawo ba ta wuce desibel (ma'aunin asarar sigina) ɗaya da 'yan kai ba. Aljihu dai ya ji jiki.

Jansa sama bai ba mu wahala ba. Mun fara bayan asuba kafin ƙarfe ya ɗau zafi, mutum biyu a sama da bel, sauran a ƙasa da igiya. Ragar ja, wato saƙar waya da ke damƙe jikin kebul, muka sa masa, ba mu ɗaure konekta da igiya ba, kowace mita ɗaya kuma muka kama shi da ƙafar hasumiya. Ku kula da lanƙwasa, in ya karye ciki ba ya miƙewa.

To, konektar. Nau'in N muka sa, ba PL-259 ba, don ita N an yi ta da robar hana ruwa kuma tana riƙe om 50, ma'aunin da kebul da rifita ke aiki da shi, yadda ya kamata. Ni na nemi a bar mini ta sama, don na yi gwaji sau biyu a kan guntaye. Na yanka da zarto a kan ɗaya daga cikin tudun da ke jikin bututun, na feƙe soson da ke raba wayar tsakiya da bututun, na goge bakin wayar tsakiya, na ɗaure da sifana biyu. A ido, tsaf. Da muka sa na'urar awo, SWR (ma'aunin ƙarfin da ke dawowa baya maimakon fita ta eriya) ya haura 2, allura tana rawa in an taɓa kebul.

Dattijo bai ce komai ba, ya miƙo mini tabaransa da tsohon buroshin haƙori. Da na kwance, sai ga garin jan ƙarfe daga zarton ya manne a fuskar farin soson kamar an barbaɗa yaji, da wani siririn zare guda da ya kusa haɗa tsakiya da baya. Na yanka ina riƙe da bakin kebul yana kallon sama, duk garin ya zuba ciki. Ku juya bakin ƙasa in za ku yanka. Na rage santimita biyar, na sake daga farko, allura ta sauko 1.2 ta tsaya cak.

Naɗin hana ruwa hawa uku ne: tef na lantarki, sai roba mai danƙo a matse ta da yatsu har ta shige kowane lungu, sai tef kuma. Hawan ƙarshe daga ƙasa ake faro shi a yi sama, kowane zagaye ya hau kan na ƙasansa kamar jerin kwanon rufi. Zagayen ƙarshe kada a ja shi da ƙarfi, rana za ta ɓare shi. A ƙofar ɗaki mun bar kebul ya yi ciki ƙasa kaɗan, don ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi shi har kan na'ura.

Saura atin, wato wayar da ke haɗa kebul da ƙasa. Na gindin hasumiya kaɗai muka ɗaura, na sama da na bakin ɗaki da na'urar kare tsawa ba su iso ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, saboda haka mun bar kebul a cire daga rifita. Mai zuwa Asabar ya taho da sifana mai lamba 19 da ruwan sha.