Bututun Kawu a Hanyar Yankari

Da asubar wata Asabar cikin Janairu muka bar Bauchi, hazo ya lulluɓe duwatsun gari, sanyi na cizon kunne. Ni da Kawu muna baya, abokina yana tuƙi. Kawu ya yi aikin kuku a masaukin baƙi na Wikki, wurin maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, yana saurayi, rabonsa da Yankari kuwa ya haura shekara talatin. Shi ya sa na ce bana, tun ƙafa ba ta ƙara yi masa nauyi ba, sai na kai shi.

Mun miƙe titin Gombe ke nan, ba mu kai Dindima ba, maɓallin rigarsa ya tsinke. Ya laluba aljihu ya zaro wani siririn bututun ƙarfe fari, tsawonsa ya kusa taƙi guda. Ya murɗe murfin, ya zazzago allura da zare a tafin hannu.

Ni mai sayar da turare ne a kasuwar Wunti, kuma babu abin da ke hana ni barci kamar mazubi. Bara na sayi bututai masu yawa a hannun wani ɗan kasuwa don zuba turaren tsinke. Rabi murfinsu ba ya kamawa, sauran kuma warin fenti suke yi, ya bi turaren ya lalata min shi. Don haka ina ganin na Kawu na miƙa hannu.

"Kawu, ina ka samo wannan?"

"Wani Bature ne ya bar shi a kan tebur bayan cin abincin dare. Gidan taba ne, ɗana. Shinshina ka ji."

Na kai hanci. Can ƙasa-ƙasa akwai ɗan ƙamshin itace. Na leƙa ciki, sai ga wani fallen katako, bai fi kaurin takarda ba, an naɗe shi ya bi jikin ƙarfen. Fentin waje ya koɗe, ban da kalma ɗaya da ake iya karantawa: Habana.

Tun asarar da na yi nake bin diddigin mazubai, don haka na gane shi. Ba gidan sigari irin na kan tebur ba ne. Na ƙatuwar tabar nan ce ta Kyuba, wadda ake naɗewa da hannu, ganye zalla ciki da waje, babu takarda. Ni ba na shan taba, ba kuma zan so ɗana ya sha ba, cutarta a fili take. Abin da ya kama zuciyata shi ne yadda aka yi wa kara ɗaya tak gida nasa na kansa.

Ganyen nan yana son damshin iska wajen kashi 70 cikin 100, da sanyi-sanyi kusan digiri 20. Iskar hunturunmu kuwa takan faɗo ƙasa da kashi 20. In aka bar shi a fili, fatar waje ta tsage, ƙamshi ya gudu. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya yi dariya, ya nuna min ƙullin goronsa a jiƙaƙƙen algarara.

"Ashe huhun goro suka yi da ƙarfe."

Wallahi bai yi kuskure ba. Tun shekarun 1930 ake yin irin bututun nan da alminiyam, saboda matafiya: ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma a cikin aljihu tabar ba ta saurin karyewa. Fallen katakon na wani itace ne mai ƙamshi da ke fitowa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yana riƙe damshi kaɗan, yana kuma raba ganye da ƙarfe. Ba ma'aji ne na dindindin ba, murfin ba ya tare iska gaba ɗaya. Na tafiya ne.

A Dindima muka saki titin Gombe muka yi kudu. Ni dai ina ta jujjuya bututun. Na bi jikinsa da farce daga baki har gindi, babu ɗinki, babu walda. Daga ƙarfe guda mai kama da kwabo ake matso shi da inji, ya miƙe ya zama bututu. Na zura ɗan yatsa a bakin, sumul, don ko ƙaramin kaifi ne zai yage ganyen. Murfin kuwa, bayan shekarun nan duka, yana shiga zarensa ba gargada, ya tsaya cak. Girman ma ba da ka ake yi ba. Kaurin taba ana auna shi ne da inci ɗaya da aka raba kashi 64. Wadda ake kira Churchill, da sunan tsohon Firayim Ministan Birtaniya, tsawonta inci 7 ne, kaurinta kashi 47. In gidan ya yi faɗi za ta yi ta kai-komo ta farfashe, in ya matse ba za ta fito lafiya ba. Nawa da na saya, a cikin goma da ƙyar ka sami uku masu baki ɗaya.

Muka biya kuɗin shiga a ƙofar Mainamaji, muka ratsa daji wajen kilomita 40. Kawu ya yi shiru, idonsa na kan taga. A sansanin, gwaggon biri ya zo har gindin mota yana leƙen ledarmu, gadu na kiwo da 'ya'yansa a gefen ɗakuna. Kawu ya tsaya ya daɗe yana neman inda tsohon kicin yake.

Muka gangara Wikki. Ruwan garai-garai, kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Kawu ya naɗe wando ya tsoma ƙafa, ya ce ruwan ne kaɗai bai tsufa ba. A nan ya zauna ya ɗinke maɓallinsa, ni na zura masa zare.

Na ce, "Kawu, ka ara min shi in kai wa masu narka dalma su gani, ko za a dace."

Ya dube ni, ya dubi bututun. Sannan ya zazzage allurar ya soke ta a jikin hularsa, ya murɗe murfin da kansa, ya sa min a hannu.

"Kada ka bari su cire katakon. Ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo min abina."